Kaka ta shigo: mu samu hutu, kuma kada zumunci ya yanke

Barkanmu da ganin kaka. Wadda gonarta ta yi kyau, Allah ya sa albarka. Wadda tata ba ta yi ba, Allah ya mayar mata da alheri.

Tun saukar ruwan fari muke roƙon Allah ya nuna mana wannan lokaci. Ga shi hatsi ya nuna, yara na gasa tumu, fura ta yi kauri, kuɗin tiya ya fara sauka a kasuwa. Amma mu da ke riƙe da littafin ƙungiya mun san wani hali na kaka: ita ce lokacin da tabarmar taro ke yin giɓi. Wadda ba ta taɓa fashi ba sai ta aiko da zubinta a hannun ɗiyarta. Wata sai a yi mako uku ba a gan ta ba. In an tambaya a ce tana gona, ko ta tafi biki wani gari, ko kuwa tana kwance. Wannan amsa ta uku ita ta sa muka ɗauki alƙalami. Akwai matan da ke shiga kaka da ƙarfinsu, su fito da ciwon baya da jiri, hatsin gamanarsu ya tafi wajen biki, ga bashin asusu yana jira, kuma wata biyu ba su zauna sun yi hira ta kirki da kowa ba.

Aikin da ke kanmu daga Satumba zuwa Disamba

Mu fara da lissafin aikin, don sau da yawa mu da kanmu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Maza na yankan hatsi suna ɗaure damma. Mu kuma roron wake na jiranmu, kuma wake ba ya nuna rana ɗaya, sai an koma sau biyu ko uku. Ga cirar gujiya da tsinkarta, ga riɗi da ake jingine shi ya bushe a kakkaɓe, ga yakuwa da za a ɓare a shanya, a ajiye ɗiyanta don daudawar batso. Ga kuɓewa da ganyen miya da za a yanka a busar saboda rani. Bayan an taimaka a gandu, kowace na da gamanarta da ba wanda zai girbe mata. Duk wannan bai ɗauke sussuka da shiƙa da surfe da daka ba, bai ɗauke ɗibar ruwa da neman itace da tuwon dare ba.

Kowane yanki kuma da nasa ƙari. Matan Agye da Cadawa da Gazawa sun san wahalar aya: tono, tankaɗe, ƙura har cikin maƙogwaro. A ƙasar Galmi da Madawa, kafin a gama da hatsi an shiga renon irin albasa da dashe. Wajen Matamai da Magarya ga lambu ga rake. Sannan akwai ranar sakin gonaki da hukuma ke sawa wajen ƙarshen shekara, dole a kwashe harawa da kara kafin bisashe su shigo. A farkon Oktoba yara ke komawa lakwal, sai kuɗin littafi da alƙalami da takalmi. Da an ɗaure damin ƙarshe kuma sai goron gayyata ya fara yawo.

Ƴan uwanmu na birni ma kaka ba ta bar su ba. Mai tuyar ƙosai da mai yin ƙuli-ƙuli da man gujiya yanzu ne suke sayen kayan ajiya tun da araha. Baƙi na zuwa daga ƙauye, wasu jinya, wasu sayayyar kayan ɗaki, kuma ita ma ana jiran ta a garinsu ranar biki.

Abin da gajiya ke ci ba mu sani ba

Ƙarshen damina da farkon kaka shi ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro a ƙasarmu. Muna ƙoƙari wajen yara, muna ba ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin nan da ake rabawa wata-wata a lokacin damina. Amma in uwar ce jikinta ya yi zafi, sai ta sayi ƙwaya biyu wurin mai talla, ta ɗaura kallabi ta koma gona. Gwajin jini a likita bai fi minti 20 ba. Zazzaɓin da aka yi wa rabin magani kuwa yana iya kwantar da mace mako biyu a tsakiyar roro, waken ya tsage ya zube a ƙasa. Kada mu naɗe sange don ruwa ya ɗauke, sauro bai tafi ba tukuna.

Na biyu, ƙarancin jini. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna faɗa cewa kusan rabin matan Nijar da ke cikin shekarun haihuwa jininsu bai kai ba. Alamominsa mun san su, sai dai mukan ce gajiyar kaka ce: jiri in an miƙe, haki bayan ɗan tafiya, bugun zuciya, tafin hannu da cikin ido sun yi fari. Abin mamaki, maganin na cikin abin da muke girbewa. Wake, gujiya, zogale, kuka, da ɗan nama ko hanta in an samu. Kada mu kai duka kasuwa mu bar kanmu da fura tsura. Mai shan shayi kuma ta ba da tazara tsakaninsa da abinci, don shayi na hana jiki ɗaukar sinadarin da ke ƙara jini.

Mai ciki ita ce aka fi cuta a wannan lokaci. Ranar awo kan faɗo ranar gayya, sai a ce bari wata mai zuwa. A wurin awon nan ne ake ba da ƙwayar ƙarin jini da ta rigakafin zazzaɓi, a nan ake auna hawan jini. In mai ciki ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko fuska da hannu sun kumbura, ko zazzaɓi, ko ɗa ya daina motsi, ba a jiran a gama ɗaure dami. A nemi amalanke ko babur nan take. Mai jego kuma, kwana 40 ɗin da iyayenmu suka ware mata haƙƙinta ne, ko da a tsakiyar kaka ta haihu.

Ga kuma zafin agazari. Ranar Oktoba ba ta da sauƙi, ga gumi ga rashin iska. Wadda ta fita tun asuba, in rana ta take sai ta nemi inuwa, ta sha ruwa, ta miƙe ƙafa, ko ba ta yi barci ba. Aikin da aka yi tsakanin azahar da la'asar da jiki a mace, rabinsa sai an sake shi. Likitoci na cewa babban mutum na buƙatar barcin awa 7 ko fiye a dare. Mu ƙirga namu: wadda ta kwanta ƙarfe 11 bayan wanke-wanke, ta tashi ƙarfe 4 don daka, awa 5 ta samu. Mako ɗaya jiki zai jure. Wata uku a jere, a nan ne ake samun faɗuwa a bakin rijiya, yankewa da lauje, da faɗa da kishiya a kan abin da bai kai ya kawo ba. In za a ɗaga dami ko tarin harawa, a fara juya shi da sanda saboda kububuwa da kunama. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a garzaya likita.

Biki: ina zumunci ya tsaya, ina bashi ya fara

Ba mu zo mu ɓata biki ba. Biki asusu ne tun kafin a kawo akwati mai makulli. Abin da kika kai wa ƙawarki ranar auren ɗiyarta, shi za ta mayar miki da ƙari ranar naki. Wadda ba ta zuwa na mutane, ranar nata tabarma za ta gani. Iyayenmu suka ce zumunta a ƙafa take, kuma gaskiyarsu.

Sai dai mu yi lissafi irin wanda muka koya a ƙungiya. A ce mace ta samu gayyata 8 tsakanin Nuwamba da Disamba. In kowace ta ci mata jika 3, tsakanin kuɗin mota da gudummawa da ɗan abin da za ta riƙa wa yara, jika 24 ke nan, ba a sa anko ba. Wadda ke zuba dala 50 kowane mako, wato 250 na sefa, a shekara jika 13 take tarawa. Ashe bikin wata biyu ya kusa cinye zubin shekara biyu. In kowane biki ya ɗauke mata kwana biyu, kwana 16 ke nan ba ta gida, aiki na taruwa yana jiran ta. Kuɗin kuma daga ina? Daga tiyoyin wake da gujiya da aka kai kasuwa lokacin da suka fi araha, waɗanda za mu sake saye da tsada in bazara ta yi.

Sannan mu tambayi kanmu da gaskiya: a gidan bikin, da wa muka zauna? Sau nawa muke zuwa, mu gaisa a tsaye cikin ƙarar lasifika, a rubuta sunanmu da abin da muka kawo, mu ci shinkafa a gurguje, mu nemi mota? Uwar amarya ba ta ma san mun zo ba sai ta duba takarda. An fita kunya, amma ba a gana ba.

Shawarar da muke ba juna ita ce a kasa gayyata kashi uku. Akwai wadda dole ki je da ƙafarki, ki kwana in ta kama: ta ƴan ɗakinku, ta dangin miji na kusa, ta maƙwabciyar da kuke katanga ɗaya, ta ƙawar amana. Akwai wadda za ki leƙa ki yi barka ki dawo kafin magariba. Akwai kuma wadda za ki aika da gudummawa a hannun wadda za ta je. In gayyata ɗaya ta shafi mata biyar na ƙungiya, ba laifi biyu su tafi da saƙon sauran, wani bikin kuma a canza. Kuɗin mota ya ragu, kuma an ga fuskar ƙungiya.

Abin da ke ba mu wuya shi ne yadda za a faɗa. Ba sai an yi ƙaryar ciwo ba. Ana iya cewa: “Yaya, ki yi mini aikin gafara, ranar wuni ba zan samu zuwa ba, wakena na zuba. Ga ƴar gudummawata. In an watse da kwana biyu ina nan tafe mu zauna.” Sai kuma a cika alkawarin. Ziyarar bayan biki, lokacin da gida ya yi shiru, uwar amarya ta gaji, tukwanen aro na jiran a mayar, ta fi zama a rai. A nan ne za ta faɗa miki abin da ke damunta, ko bashin da ta ci, ko tsoron da take yi wa ɗiyar da aka kai nesa.

Batun anko kuma, ƙungiya na iya tsai da magana: a zaɓi zane ɗaya a shekara, shi za a sa a duk bikin ƴar ƙungiya. In magana ta fito daga bakin mata 30, ba wadda za a yi wa gori ita kaɗai.

Taron mako ya gajarta, amma kada ya mutu

Tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu Nijar, ya ƙetara ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Abin da ya riƙe shi tsawon shekarun nan shi ne akwati ba ya buɗuwa sai a gaban kowa. Makulli uku, a hannun mata uku, kuɗi a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Ranar da aka fara cewa “ku dai ku karɓa, ni ina gona”, aka wayi gari mata shida ne ke buɗe akwatin mata talatin, ranar ce zargi ke samun ƙofa, ko da ba wadda ta taɓa dala. Ƙungiyoyi da yawa da suka watse, ba sata ta watsa su ba, rashin haɗuwa ne.

Don haka a ƙungiyarmu muna da abin da muke kira taron kaka. Daga farkon Oktoba zuwa sakin gonaki, taro ba ya wuce rabin awa. Mun mayar da shi ranar Juma'a bayan la'asar, tunda yawancinmu ba mu zuwa gona ranar. Wani gari yammacin ranar kasuwa zai fi musu, kowa ya duba nasa. A yi zubi, a karɓi biyan bashi, a rubuta, a rufe. Duk maganar da za ta ja lokaci a ajiye ta sai Janairu. Tarar makara muna ɗage ta a wannan lokaci, amma masu makulli da mai littafi dole su zo. Kuma duk canjin da za a yi wa doka, a yi shi gaban kowa, a rubuta ranar da zai fara da ranar da zai ƙare.

Aiko da zubi mun yarda da shi sau biyu a jere. A na uku, mata biyu za su taka su je gidanta, kuma ba da littafin tara a hannu ba. Su je su ga lafiya. Sau da yawa a irin wannan zuwa ne ake tarar da abin da ba a faɗa a taro: yaro ba lafiya, maigida ya tafi bai bar komai ba, ko gona ba ta yi ba tana jin kunyar bashin da ke kanta. Asusun taimako don irin wannan rana aka yi shi.

Kafin a tashi kuma muna ɗaukar minti biyar, shugaba ta bi layi ta tambayi kowace: “Yaya jikin, yaya gidan?” Wadda ta ce lafiya lau an wuce. Wadda ta yi shiru ta sunkuyar da kai, an gane, bayan taro wata za ta raka ta gida.

Gayya: aiki da hira a wuri ɗaya

Hanya mafi sauƙi ta haɗa hutu da zumunci iyayenmu sun riga sun bar mana ita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata biyar da gamanarsu ke kusa su haɗa kai: yau a ta wannan, gobe a ta waccan. Roron da zai ɗauki mace ɗaya kwana biyar, an gama shi a wuni ɗaya, ana yi ana hira ana dariya. Mai gonar ce ke kawo fura da ruwa. In an zagaya kwana biyar, rana ta shida ta hutu ce ga kowa, kuma a riƙe ta da gaske, kada a mayar da ita ranar wankin da ya taru tun wata guda. A yi kitso, a sa lalle, a kwanta da rana.

Tsofaffinmu da ƙarfinsu ya ragu suna da wuri a wannan tsari. Inna ko Goggo ta zauna da ƙananan yara a inuwa, kowace uwa ta auna mata ɗan wake ko gujiya in an gama. Ita ta samu abin miya da ƴan hira, uwa kuma ta yi aiki ba goyo a baya cikin rana. Mai tsohon ciki da mai jego, a sa gamanarsu cikin zagayen ko ba su fito ba. Bana ita, baɗi wata.

Inda akwai injin niƙa ko na sussuka, kada mu ji ƙyashin tiyar da za a ba mai inji a makonnin da aiki ya fi yawa. Awa biyu na daka da aka ɗauke wa mace kowace asuba barci ne aka mayar mata. Mata uku ko huɗu na iya haɗa kuɗin amalanke ɗaya ya kwaso musu kaya ko jarkokin ruwa, maimakon kowace ta yi sawu biyar da kai.

Abu ɗaya dai muke roƙo: kada hutunmu ya fito daga karatun ɗiyanmu mata. Abu ne mai sauƙi a ce “bari ta taya ni mako biyu, in an gama sai ta koma lakwal”. Yarinyar da ta rasa farkon shekara da wuya ta kamo sauran, daga nan sai ta fara jin kunyar aji, daga nan sai a ce ai gara a yi mata aure. Yara maza ma suna da hannu. Ɗibar ruwa, kai niƙa da kwaso harawa ba su rage wa namiji komai ba.

Wadda ba ta gaggawar sayarwa ta fi samun barci

Wani abin da ke hana mu sukuni a kaka shi ne tsoron ƙwari. Wake in ya yi wata biyu a buhu sai ya zama gari, shi ya sa muke rige-rigen kai shi kasuwa. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masu bincike na INRAN a Maradi suka yi aiki a kansa tare da wata jami'a ta Amurka, yana maganin wannan ba tare da an zuba guba ba. Leda biyu ne a ciki, buhu a waje. A busar da wake sosai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron da ke ciki iska za ta ƙare masa. Sharaɗin kawai kada leda ta huje, kada a riƙa buɗewa, kuma a kiyaye shi daga ɓera.

Ga masu buƙatar kuɗi yanzu kuma akwai warantaji, wanda manoman Nijar suka fi shekara 20 suna yi. Ƙungiya ta tara amfanin gonarta a mangaza mai makulli biyu, ɗaya a hannunta, ɗaya a hannun asusun da zai ba da bashi. A karɓi bashin da bai kai cikakken kuɗin kayan ba, a yi sana'ar rani da shi, bayan wata biyar ko shida a biya a buɗe mangaza. Mafi yawan shekaru a lokacin kaya sun yi tsada. Akwai shekarar da farashi ba ya tashi yadda aka zata, don haka a yi lissafin ruwan bashi da kuɗin ajiya tun kafin a sa hannu. Ko ba warantaji, bashin asusunmu na iya biyan kuɗin lakwal a Oktoba, wake ya zauna a ɗaki sai ya yi daraja.

Zama da maigida kafin ya tafi bida

Da an gama girbi maza da yawa ke ɗaukar jaka, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Agadas, Aljeriya ko Libiya. A gidaje da dama ana rufe rumbun gandu sai damina, ya zama abin da mace ta samu a gamana shi ne cefanen rani. Cikin hidimar kaka, miji da mata na iya yin wata guda ba su yi magana ta minti goma ba, sai “ina ruwan wanka” da “an kai dammam?” Sai ranar tafiya ta zo a yi sallama a tsaye.

A nemi dare ɗaya, bayan yara sun kwanta. “Malam, kafin ka tashi ina so mu zauna mu yi lissafin gida.” Dami nawa aka samu, nawa aka fitar na zakka, nawa za a ci kafin ya dawo, wa zai buɗe rumbu in abinci ya yanke, wa za a nema in ciwo ya taso da dare, ta wace hanya zai riƙa aike. Inda akwai abokiyar zama, a yi maganar gaban juna, kowace ta ji da kunnenta. A gidan da mata biyu suka shirya, kaka na zuwa da sauƙi: mai girki ta dawo gida da wuri, ɗayar ta ƙarasa mata layinta a gona. Uwar miji ma a sa ta cikin shawara. “Inna, jikina ba ya mini daɗi kwanan nan, ina so in je awo ranar Talata” ya fi a yi shiru har a faɗi.

Waɗanda ba za su aiko da goro ba

Masu biki sun gayyace mu, za mu je. Amma akwai waɗanda ba su da abin gayyata, kuma su ne suka fi buƙatar a taka a je. Wadda ke takaba, kakar farko ba mijinta. Wadda ruwa ya cinye gonarta ko tsutsa ta ɓata mata hatsi, tana jin sussuka a kowane gida ban da nata. Amaryar bara da aka kawo daga wani gari, ba ta da kowa a nan. Tsohuwar da ɗiyanta duk suna birni. Tiya ɗaya ta sabon hatsi a ƙwarya, da zama na rabin awa a bakin ɗakinta, ba sa buƙatar anko ko kuɗin mota.

Ga na nesa, salula ta kawo sauƙi. Ƴar uwa da ke Yamai ta ware ranar da za ta kira mahaifiyarta a ƙauye, ta bar ta ta yi magana har ta gama, ko da labarin akuya ne. Mai WhatsApp ta aika murya ga ƙawar da ba ta samu zuwa bikinta ba. Amma a san lokacin ajiye waya. Wadda ta kwanta da ita a hannu tana sauraren muryoyin rukuni har tsakar dare, barcin da injin niƙa ya ba ta ne take mayarwa.

Abin da za mu kai taro mai zuwa

Muna roƙon kowace shugaba, ko wadda ta yi karatun yaƙi da jahilci a cikinku, ta karanta wa sauran wannan takarda, sannan a tattauna tambayoyi huɗu. Wace rana da wane lokaci taro zai fi sauƙi daga yanzu zuwa sakin gonaki? Su wa ke da ciki ko jego a cikinmu, kuma wa zai shiga gamanarsu? Bukukuwa nawa ke gabanmu, wanne za a je gaba ɗaya, wanne za a wakilta? Wace ce ba mu gani ba mako uku, kuma su wa za su je gidanta gobe?

Ƙungiyar da ta gwada wata dubara ta ga amfaninta, ta aiko mana ta hannun mai kawo muku takardar nan, mu buga a fitowa ta gaba don sauran su ƙaru. Allah ya sa mu ci abin da muka noma cikin lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya kai matafiya ya dawo da su, ya bar mu tare.